Yadda ake sayen jitar bas a Damagaram, a daidaita ta, a fara kaɗawa

Jitar bas ba haja ba ce da za ka shiga Kasuwar Dole ka tarar an jera. Mai nema a Damagaram hanyoyinsa uku ne galibi: ya saya a hannun makaɗin da ya gaji da tasa, ya yi saƙo Yamai, ko ya hau mota ta Matamai zuwa Sabon Garin Kano. Kowace ya bi, akasari ta hannu zai samu, kuma in ya kai gida ya ga aibi babu mai karɓa. Saboda haka binciken da ake yi kafin a miƙa kuɗi shi ne rabin aikin, a nan kuma zan fi daɗewa.

Da fari, raba kuɗin

Bas ba ta da murya sai da ampli, wato akwatin da ke ƙara mata sauti. Ware kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ka tara don ampli, wayar jak, maɗaurin rataya, jaka da sabbin tsirkiyoyi. Na koyo a ɗaki, mai wat 20 zuwa 30 ya isa. In za ka tsaya kusa da mai ganguna, ƙasa da wat 100 ba za a ji ka ba. Kada ka ari amplin jita ka ƙure masa murya: tsirkiyar bas mafi kauri tana kaɗawa sau 41 kacal a daƙiƙa, wannan motsi mai nauyi kuwa yana yaga ƙaramin lasifika.

Kafin ka jona kowane ampli, juya bayansa ka karanta. Wutarmu 220 ce. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka na 120 ne, na Japan 100, kuma suna shigowa cikin kayan hannu ba tare da kowa ya lura ba. Jonawa ɗaya ta isa ka ji ƙauri. Regilater ma ba almubazzaranci ba ne, musamman ga mai kiɗa da wutar gurup a gidan biki.

Na biyu, san irin da kake so

Mai tsirkiya huɗu za ka fara da ita: Mi, La, Re, Sol, daga mai kauri zuwa siririya. Mai biyar tana ƙara Si a ƙasa, tana da daɗi a kiɗan zamani, amma wuyanta ya fi faɗi, tsirkiyarta kuma ta fi wuyar samu.

Kusan duk bas ɗin da za ka gani jikar ɗaya ce daga cikin biyu da Leo Fender ya fitar a Kalifoniya: Precision a 1951 da Jazz a 1960. Precision tana da mikro ɗaya (maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar sautinta) rababbe gida biyu, tsarin da aka sa mata tun 1957, wanda yake kashe ƙugin lantarki da kansa. Muryarta kauri gare ta, ba ta da surutu. Jazz mikronta biyu, wuyanta ya fi siranta, muryarta ta fi fitowa fili, amma in ka rage mikro ɗaya ka bar ɗaya sai ta fara ƙugi. Buɗe su duka biyu daidai ne ke kashe shi. A garin da wayoyin gidaje da yawa ba su da ta ƙasa, ni dai mai tsarin Precision nake ba sabon shiga shawara.

Akwai kuma masu pil na bolt 9 a ciki, tsarin da bas ɗin Music Man StingRay ta yaɗa daga 1976. Suna da ƙarfi, sai dai ranar da pil ya mutu a tsakiyar wasa za ka gane kurenka. In irinta ka samu, zare jak duk lokacin da ka ajiye ta, domin shigar jak ɗin ce ke kunna pil.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, Squier, Yamaha, Ibanez da Cort duk suna yin kaya masu aminci.

Na uku, wuya

Jiki na iya zama da ƙuje, fenti ya kwaile, maɓalli ya ɓace, duk ana gyarawa. Wuyan da ya murɗe kuwa babu mai gyara maka shi a kusa. Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuyan nan da nauyin da ya haura kilo 70, dare da rana, abin da ke riƙe shi kuma sandar ƙarfe ce da aka binne a cikin katakon.

Ɗaga jitar, ka sa ido daga wajen kai ka bi tsawon wuyan, gefen Mi sannan gefen Sol. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne, amma dole gefen biyu su yi iri ɗaya. In gefe ɗaya ya lotsa ɗayan ya miƙe, ya murɗe ke nan. Ajiye ta ka yi sallama, ko da sunan wa aka rubuta a kanta.

Sai gwaji na biyu. Danne tsirkiyar Mi a firet na farko (firet su ne ƙananan ƙarafan da aka gitta a wuya) da hannun hagu, ka danne ta a na ƙarshe da na dama, ka leƙa tsakiya, wajen firet na 7 ko 8. Ya kamata a ga ɗan sarari, kimanin kaurin katin gayyata. In tsirkiya ta kwanta a kan ƙarfen, wuya ya koma baya. In sararin ya kai a zura ashana, ya lanƙwashe da yawa. Duka biyun ana gyarawa, muddin sandar tana aiki. Don haka ka tafi da kili alan a aljihu, ka ce wa mai kaya: "Alhaji, a yi haƙuri in ɗan taɓa sandar." Juya ta kaɗan, ka mayar. In ta ƙi motsi, ko tana juyawa sakaka ba ta kama komai, ciniki ya mutu.

Daga nan bi firet ɗaya bayan ɗaya a kowace tsirkiya, tun daga sama har ƙasa, kana saurare. Mai kaya zai ƙosa, bar shi ya ƙosa. Inda sauti ya shaƙe ko ya yi zizar ƙarfe a wuri ɗaya tak, akwai firet da ya ɗago ko ya cinye. Shafa tafin hannu a gefen wuyan: in bakin ƙarafunan yana kartar ka, katako ne ya tsuke saboda bushewa. Wannan ciwon ƙasarmu ne, ɗan goga da zarto mai laushi yana maganinsa, amma dalili ne na neman ragi. Duba kuma bayan wuya, daidai inda ya haɗu da kai, ko akwai tsaga ko alamar gam.

Lantarki ba ya ɗaukar lokaci. Jona ta, ka ƙwanƙwasa kowane mikro da bakin sukundireba ka ji ya amsa, ka murɗa maɓallai, ka girgiza jak. Ƙarar ƙasa a maɓalli ƙura ce, wayar da ta saki kuwa kowane mai gyaran rediyo zai kama ta da dalma.

Na huɗu, ciniki da kawowa

Tambarin Fender ya fi Fender yawa a duniya. Ta gaskiya tana da lamba a kai ko a farantin bayan wuya, ana kuma iya bincika ta a shafin kamfanin a intanet. In aka sa maka "Fender ɗan Amurka" a kuɗin Squier, to ka taya ta a matsayin marar suna. In aka ce albarka, ka lissafa abin da ka gani: tsirkiya ta mutu, maɓalli na ƙara, firet na karta. Da hujja ake karya farashi.

A mota, kada ka yarda a ɗaure ta a sama cikin rana, ko a ɗora mata buhu. Riƙe ta tsakanin ƙafafunka, ko da za ka ƙara wa direba wani abu, ka kuma riƙe takardar saye saboda duwan.

Na biyar, daidaita ta da yanayinmu

Bar ta ta kwana biyu a ɗaki kafin ka taɓa komai. Sannan sabbin tsirkiyoyi, masu lamba 45 zuwa 105 su ne na yau da kullum. Daidaita wuya: juya sanda ta hannun dama yana miƙar da shi, ta hagu yana sake shi, kuma kada ka wuce rubu'in juyi a rana. Bayan haka tsayin tsirkiya, milimita 2 zuwa 3 a firet na 12, ana ɗagawa ko saukewa a jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a ƙasan jiki. Na ƙarshe, da manhajar saita sauti a salula, gwada tsirkiya a sake, ka gwada ta a danne a firet na 12. In sautin ta danne ya haura, ja ɗan ƙarfen da take hawa a jaki baya. In ya gaza, tura shi gaba.

Wannan aiki sau biyu ake yin sa a shekara. Katakon jita ya fi son danshin iska na kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, a hunturu da farkon bazara kuwa namu kan faɗi ƙasa da 20. Lokacin nan wuya kan lanƙwasa gaba, tsirkiya ta yi sama. Damina na sauka ya koma baya, ta fara ziza. Maganin arha: soso mai ɗan laima a cikin gwangwanin sabulu da aka hudahuda, a jefa cikin jaka a zuge. Kada ka jingina ta da bangon da rana ke duka, kada ka bar ta a shagon kwano a watan Afrilu. Goge tsirkiya da tsumma bayan kowane wasa, gumi da ƙura ne ke kashe ta. In ta dushe kuma babu sabuwa, tsofaffin makaɗa kan tafasa ta minti goma, ta ɗan farfaɗo.

Na shida, kaɗawa

Babban yatsan dama a kan mikro, manuni da na tsakiya suna karɓa-karɓa. Tsirkiyar da ba ka kaɗawa, kwantar mata da yatsa ta yi shiru, in ba haka ba sautinka zai dagule. Yawancin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke tafiya, don haka fara da wannan: tsirkiyar Mi firet 5 da 8, tsirkiyar La firet 5 da 7, tsirkiyar Re firet 5 da 7. La, Do, Re, Mi, Sol, La ke nan. Matsar da wannan siffa sama ko ƙasa har ta dace da muryar mawaƙi.

Abokinka a dandali mai ganga ne. Sa kunne ga babbar ganga, inda ta faɗa ka faɗa, inda kalangu ke magana ka ba shi fili. Ƴan koyo suna ɗokin gudun yatsu irin na Richard Bona ɗan Kamaru, alhali abin da zai sa a sake kiran ka biki shi ne riƙe zagaye ɗaya minti goma ba ka yi gaba ba ka yi baya. Saurari Aston Barrett na ƙungiyar Wailers ka ji yawan wuraren da yake barin shiru.

In sha'awar tarawa ta kama ka

Masu tarawa a waje suna farautar Fender da aka yi kafin 1965, shekarar da aka sayar da kamfanin ga wani kamfanin Amurka mai suna CBS. Wannan ba kasuwarmu ba ce. Abin da ya fi yiwuwa ya ɓullo cikin kayan hannu shi ne na Japan na shekarun 1970 da 1980, irin su Greco, Tokai da Aria Pro II, waɗanda aikinsu ya fi kuɗinsu. In ka samu, kada ka sake mata fenti, duk abin da ka canza kuma ka adana na asalin. Ka tuna dai kowace ƙarin jita ƙarin wuya ne da za ka yi jinya kowane hunturu.

Kontirabas, babbar nan ta katako da ake kaɗawa a tsaye, saitinta ɗaya da na bas, amma tsayinta ya kai mita 1.8 kuma ba ta da firet. In ka dage sai ka mallake ta a Damagaram, nemi wadda aka yi da falankin da aka manna hawa-hawa. Ta sassaƙaƙƙen katako ta fi murya, amma bushewarmu na iya tsaga ta. Kada ka taɓa sake tsirkiyoyinta huɗu a lokaci ɗaya: akwai ɗan sanda a tsaye a cikin cikinta wanda matsin tsirkiya kaɗai ke riƙe da shi, in ya faɗi sai ƙwararre mai kayan aiki na musamman zai iya tayar da shi. Canza su ɗaya bayan ɗaya.