Hanci ɗaya ya toshe: kurakuran da muke yi lokacin hunturu

Da zarar iskar hunturu ta sauka a Tahoua, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙorafin da na fi ji shi ne: "ɓangare ɗaya na hancina ya toshe." Sau da yawa babu cutar komai. Ƙofofin hanci biyu ba sa aiki daidai wa daida: ɗaya tana ɗaukar mafi yawan iska, ɗaya tana hutawa, bayan ƴan awoyi sai su yi musanya. Wannan musanyar ita ce juyin hanci. A cikin hanci akwai tsoka mai laushi cike da jijiyoyin jini. Ta gefe ɗaya ta kumbura, ta ɗaya gefen ta saɓe. Wani lokotoro Bajamushe, Richard Kayser, ya bayyana wannan tun 1895. Ka kara madubi ƙarƙashin hancinka ka fitar da numfashi, za ka ga tabon tururi biyu, ɗaya ya fi girma. Ka sake gwadawa bayan la'asar, wataƙila babban ya koma ɗaya gefen.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne maganin ɗigawa ko fesawa a hanci, irin su xylometazoline da oxymetazoline. Yana matse jijiyoyin jini, hanci ya buɗe cikin mintuna, mutum ya ji daɗi. Amma in aka wuce kwana 3 zuwa 5 ana sa shi, da ƙarfinsa ya ƙare tsokar takan kumbura fiye da da. Na ga wannan a gidanmu. Ƙanena ya yi wata biyu kwalbar tana aljihun rigarsa, ko sallar asuba ba ya fita sai ya fesa. Abin da ya fara da juyin hanci na yau da kullum ya koma toshewar gaske, gefe biyu. Gyaran shi ne a daina, ko da a fara da ƙofa ɗaya a bar ɗayar, a jure ƴan kwanakin wahala. Kada a ɗiga wa jariri na manya ko kaɗan.

Sai masu sayen amoxicillin wurin mai tallan magani a kan tire. Juyin hanci ba ƙwayar cuta ba ce, mura kuma ba ta jin wannan magani. Asarar kuɗi ce, kuma ranar da ake bukatarsa da gaske yana iya ƙin aiki.

Wasu suna cusa man zafi cikin hanci. Sanyin da ake ji yaudara ce, ƙofar ba ta ƙara faɗi ba, fatar ciki kuwa tana iya ƙonewa. Fyace hanci da ƙarfi ma haka: a busasshen iskar nan haɓo yake jawowa. Abin da ke taimakawa shi ne wanke hanci da ruwan gishiri, serum na farmasi, ko gishiri giram 9 a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. A rufe hanci da rawani ko gyale in ƙura ta taso.

Da dare, ƙofar da ke ƙasa ce ke toshewa. In ka kwanta a dama, ta dama za ta cika. Juya hagu ka ɗan jira, za ta buɗe, ba sai ka tashi neman kwalba ba.

Akwai kuskure na ɗaya gefen kuma, wato ɗaukar kowace toshewa a matsayin juyi. Juyi yana juyawa. In gefe ɗaya ne tak ya toshe makonni ba ya canzawa, ko yana zubar da jini, ko fuska na ciwo da zazzaɓi, a je likita. Yaro da majina mai wari ke fita daga ƙofa ɗaya, a yi zargin ya cusa wani abu, ƙwayar wake ko ɗan dutse. Kada uwa ta sa tsinke ta ce za ta zaƙulo, tura shi ciki za ta yi. A kai shi a cire masa.