Ga masu shirin zaga tsohuwar unguwa a baƙon gari

Jama'a, ku sauke taswirar unguwar a Google Maps tun kuna masauki. Lungunan matsattsu ne, dogayen gine-gine kan rikita GPS, sai waya ta nuna kana wani layi daban. Wasu unguwannin ma, irin Fes el-Bali ta Maroko, mota ba ta shiga, don haka a sa takalmi mai daɗin tafiya.

Batun abinci kuwa, ni dai ban yarda da gidajen bakin dandali ba, masu yaro a ƙofa yana kiran mutane. Tsadar hayarsu ake ɗora muku. Ku kutsa ciki, inda 'yan unguwa ke bin layi.

Masu yawon dare, ku tambayi lokacin tashin bas na ƙarshe tun da rana.