Yadda Ake Amfani da Lemun Tsami Domin Lafiyar Jiki

Kusan duk amfanin da lemun tsami yake yi wa jiki daga abubuwa biyu yake fitowa, wato bitamin C da kuma sinadarin da ke ba shi tsami, kuma wannan tsamin ne yake cutarwa idan aka sa shi inda bai dace ba. Babban lemun tsami mai launin rawaya yana ɗauke da kimanin miligiram 53 na bitamin C a cikin kowane giram 100, ƙaramin koren nan da aka fi samu a kasuwanninmu kuwa yana da kimanin miligiram 29, alhali baligi yana buƙatar tsakanin miligiram 75 zuwa 90 a rana. Ke nan lemu ɗaya ba ya biyan buƙatar yini, amma yana rage hanya ƙwarai. Darajarsa ta daɗe da tabbata, domin a shekarar 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya mai suna James Lind ya raba matuƙan jirgi 12 da dasashinsu ke kumbura yana zubar da jini saboda ƙarancin bitamin C zuwa rukuni shida, ya bai wa kowane rukuni magani daban, sai ya ga waɗanda ya bai wa lemun zaƙi da lemun tsami ne suka murmure cikin 'yan kwanaki.

Wajen saye, a zaɓi wanda fatarsa take da santsi da laushi, wanda yake da nauyi a hannu, domin shi ne mai ruwa. A wanke shi, a murza shi a kan faranti da tafin hannu kafin a yanka, sa'annan a matse iya abin da za a yi amfani da shi nan take, saboda bitamin C yana raguwa idan ruwan ya daɗe a buɗe.

Idan mura ta kama mutum, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke busar da maƙogwaro, sai a tafasa ruwa da 'yar citta, a sauke a bar shi ya huce har ya zama mai ɗumi, sa'annan a matse rabin lemun tsami a kofi ɗaya, a zuba cokali guda na zuma. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yanka lemun a jefa cikin tukunya ya tafasa tare da kayan shayi, alhali zafin wuta yana lalata bitamin ɗin da ake nema. Wannan haɗi yana sanyaya maƙogwaro, yana sassauta tari, yana kuma sa mutum ya sha ruwa da yawa, amma ba ya kashe ƙwayar cutar mura, wadda kan tafi da kanta cikin mako guda ko kwana goma. Kada a bai wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma ko kaɗan, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye masa jiki.

A ganina, amfaninsa mafi girma a kan abinci yake, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Wake da zogale da alayyafo suna da sinadarin ƙarfe wanda jiki ke gina jini da shi, sai dai hanji ba ya tsotse irin na tsirrai da sauƙi kamar yadda yake tsotse na nama da hanta. Bitamin C yana sauya wannan sinadari zuwa yanayin da hanji zai karɓa, da sharaɗin a ci su tare a zama ɗaya. Saboda haka idan an haɗa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko an zuba garau-garau a kwano, a matse lemun a kai bayan an sauke daga wuta. A kuma jinkirta shan shayi na kamar awa ɗaya bayan cin abincin, domin ganyen shayi yana hana tsotsar ƙarfen. Masu juna biyu da 'yan mata da yara, waɗanda ƙarancin jini ya fi addaba, su ne za su fi cin moriyar wannan, ba tare da sun bar ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba su a wurin awo ba.

Wanda ya taɓa fama da tsakuwar ƙoda yana iya zuba kimanin rabin kofi na ruwan lemun tsami a cikin lita biyu na ruwa ya riƙa sha a hankali tsawon yini, ba tare da sukari ba. Sinadarin tsamin yana hana ƙananan tsakuwoyi haɗuwa a cikin fitsari, yawan ruwan kuma yana wanke hanya. Wannan rigakafi ne, ba ya narkar da babbar tsakuwar da ta riga ta toshe hanyar fitsari, kuma mai ciwon ƙoda ya fara tuntuɓar likitansa kafin ya ƙara yawan ruwan da yake sha.

Haƙora su ne ke fara biyan kuɗin yawan shan tsami, domin yana cinye farin rufin da ke kansu, wanda kuma ba ya sake tsirowa. Kada a tsotsi lemun zalla, a riƙa gauraya shi da ruwa, a kurkure baki bayan an sha, a kuma dakata na rabin awa kafin a yi aswaki ko a sa buroshi. Mai gyambon ciki ko mai yawan ƙwannafi ya guji shansa kafin ya karya kumallo, idan kuma ya ji yana tayar masa da ciwon ya bari gaba ɗaya.

Akwai wuraren da bai kamata ruwan lemun tsami ya taɓa ba. Mata da yawa suna shafa shi a fuska ko a gwiwa domin neman haske, sa'annan su fita rana, alhali haɗuwar lemun da hasken rana tana ƙona fata, ta tayar da bororo, ta bar baƙin tabon da kan yi watanni bai gushe ba. Kada a ɗiga shi a ido ko a kunne. Wanke al'aura da shi, da nufin matsi ko hana ciki ko kare kai daga cuta, yana yi wa fatar ciki rauni, raunin kuwa ƙofa ce ga cututtukan da ake gudu.

Ruwan ɗumi da lemun tsami da sassafe ba ya narkar da teɓa, sai dai yana taimakawa idan ya maye gurbin lemon kwalba mai sukari. Haka kuma shayi da lemun tsami ba maganin zazzaɓin cizon sauro ba ne. Duk wanda zazzaɓi ya kama, musamman yaro ko mai juna biyu, a kai shi a gwada jininsa tun ranar farko, a ba shi maganin da aka rubuta ya shanye har ƙarshe, a riƙa kuma ba shi ruwan lemun da aka gauraya domin ya samu ya sha ruwa idan bakinsa ya yi ɗaci.