Yadda Shugaba Zai Sa Ma'aikatansa Su Daina Ɓoye Masa Matsala

A shekarun 1990, Amy Edmondson, wadda yanzu farfesa ce a Jami'ar Harvard, ta yi bincike a wasu asibitocin Amurka tana zaton ma'aikatan da suka fi haɗin kai su ne za su fi ƙarancin kuskure wajen ba marasa lafiya magani. Alƙaluman sai suka nuna cewa rahoton kuskure ya fi yawa a wurinsu. Da ta zurfafa bincike, ta gano cewa su ne ba sa tsoron faɗin abin da ya faru, sauran kuwa rufa-rufa suke yi. Daga baya kamfanin Google, a binciken da ya fara a 2012 kan rukunonin ma'aikata 180, ya samu cewa wannan kwanciyar hankali ta faɗin gaskiya ita ce kan gaba wajen bambanta rukuni mai nasara da wanda ba shi da ita.

Aikin yana farawa ne daga yadda kake karɓar labari mara daɗi. A ce akawunka ya shigo ofis jikinsa a sanyaye, ya ce an tura kuɗin ɗan kwangila cikin asusun da ba nasa ba. Idan ka ɗaure fuska ka ce, "Wa ya yi wannan aika-aika?", to ka sani duk wanda ke bakin ƙofa ya ɗauki darasi, kuma matsala ta gaba sai ta ruɓe kafin ta iso kunnenka. Ka fara gode masa da ya sanar da kai da wuri, ka tambayi yadda abin ya faru, sannan ku kira banki tare. Maganar sakaci tana da lokacinta, kuma a keɓe ake yin ta.

Wuri na biyu shi ne taro, kuma a nan ne na fi ganin shugabanni suna yaudarar kansu. Mun taso cikin kunya da girmama na gaba, don haka ƙaramin ma'aikaci zai ce "haka ne, ranka ya daɗe" ko da yana hango ramin da za a faɗa. Saboda haka ka riƙe ra'ayinka sai kowa ya gama magana, ka fara tambayar mafi ƙanƙanta a muƙami, kuma maimakon "akwai mai magana?" ka ce, "Malama, ke da kike hulɗa da masu sayen kayanmu kullum, me kike ganin zai hana wannan shiri tafiya?" Wanda ya kawo shakka, ka tsaya ka saurare shi har ƙarshe. Ga misalin illar rashin sauraro: a filin jirgin sama na tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, ranar 27 ga Maris 1977, injiniyan jirgin kamfanin KLM ya tambaya ko jirgin kamfanin Pan Am ya bar titin tashi, kyaftin ɗinsa ya amsa da tabbaci ya ci gaba, jiragen biyu suka yi karo, mutum 583 suka rasu.

Kai ma ka riƙa amsa kuskurenka a gaban jama'a, a taƙaice, ba tare da kame-kame ba.

Wannan duka ba ya nufin sassauta ingancin aiki, domin a masana'antun Toyota, inda ma'aikaci ke da ikon jan igiya ya nemi a dakata idan ya ga aibi, inganci ake karewa. Wanda ya yi ganganci ko ya ɓoye laifi da gangan, a hukunta shi. Wanda kuwa ya kawo shawara ko ƙorafi, ka koma masa cikin mako guda ka gaya masa matakin da aka ɗauka, idan kuma ba a karɓi shawarar ba, ka bayyana masa dalili.