Tsadar harsashi: kurakuran da maharban Kano suka fi yi da yadda za a gyara

Duk mai bindigar farauta a garin nan ya san halin da ake ciki. Kwalin harsashi mai guda 25 da a da kake saye ba ka ji a jikinka ba, yau sai ka yi shawara da aljihu, wani lokaci ma da kuɗin a hannu ka rasa kayan. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin harsashin farauta daga waje ake shigo da shi, da dala. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin 2024. Ga shi mai shigo da kayan sai ya samu takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kaya ya yi ƙaranci, matsi ya zo, kuma a cikin matsi ne mutum kan yi abin da da can ba zai yi ba.

Babban kuskure, wanda ya fi tayar mini da hankali, shi ne bin bayan fage. Wani zai matso kusa da kai a majalisa, ya rage murya ya ce yana da kaya rabin kuɗi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Harsashin da ya zo ta wannan hanya ba ka san inda ya fito ba, ba ka san shekarunsa ba, ba ka san ko ragowar na wata ta'asa ne ba. Dokar makamai ta 1959 ba bindiga kaɗai ta ɗaure ba, har harsashi: ba a riƙe shi sai da lasisi, ba a cinikinsa sai a hannun dila mai rajista, wanda ke rubuta abin da ya sayar da wanda ya sayar wa. Bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko baki biyu, lasisinta daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, ta toka kuwa daga Kwamishinan 'yan sandan jiha. Harsashin bindigar soja, irin mai lamba 7.62, wannan ba kayan maharbi ba ne sam, riƙe shi laifi ne mai kai mutum gidan yari. Gyaran a nan ba wuya: ka duba lasisinka ko yana da rai, in akwai abin da ya shige maka duhu ka je hedikwatar 'yan sanda ta Bompai ka tambaya, ka saya a wurin mai rajista, ka karɓi rasit ka ajiye tare da lasisin. Haka kuma kada kunya ta sa ka ɗebi biyar ka ba abokin da ba shi da takarda. Alheri ka yi niyya, amma laifi ne a kanku duka biyu.

Sai kuskuren "ai duk harsashi harsashi ne". Idan na bindigarka ya yanke a kasuwa, sai ka ga mutum ya ɗauki duk wanda ya samu. A nan ake rasa ido garin neman gira. A jikin bakin bindiga, ta wajen gindi, maƙera sun buga lambarta, wato ma'aunin faɗin bakinta, da tsawon ɗakin harsashinta. Yawancin tsofaffin bindigogin da muka gada masu lamba 12 ne, ɗakinsu milimita 70, wasu ma 65. Harsashi mai milimita 76 zai shiga ciki lafiya lau, bindiga ta rufu, domin tsawon da ake rubutawa na kwanso ne bayan ya buɗe baki. Lokacin harbi ne zai rasa wurin buɗewa, ƙarfin ya taru ya fi abin da aka ƙera ƙarfen ya ɗauka. Wanda ya fi wannan muni shi ne harsashi mai lamba 20, wanda ya fi siranta, ya faɗa cikin bindiga mai lamba 12: zai zurma ya maƙale can gaba, mai bindiga ya ga wuri a buɗe ya ɗauka bai ɗura ba, ya sa wani a baya. Kada ka taɓa haɗa iri biyu a aljihu ɗaya.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, maharbi ne tun ina ƙarami. Wata rana na tarar da shi a zaure yana juya wani harsashi a tafin hannun da babu yatsu biyu. Na ce, "Baba, wannan kuma fa?" Ya ce, "Zauna, yaro, ka gani." Ya nuna mini bakin kwanson, an naɗe shi a karkace, an toshe da kakin kyandir. Ya ce, "Wannan an taɓa harba shi, wani ya sake cika shi. Irinsa ne ya ci mini waɗannan." Tun daga ranar, kafin in biya kuɗi sai na buɗe kwali na duba ɗaya bayan ɗaya: bakin ya rufu daidai, gindin ba tsatsa ba kore, jikin bai kumbura ba, duka iri ɗaya ne da abin da aka rubuta a kwalin.

Dangin wannan kuskure shi ne farke harsashi a zuba garinsa a bindigar toka. Albarushin bindigar toka daban, na cikin harsashin zamani daban, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne ko kusa. Bindigar da maƙerin gida ya ƙera ba za ta ɗauka ba, fashewa za ta yi a fuskar mai ita.

Wasu kuma tsoron ƙarin tsada kan sa su tara da yawa, sannan su kasa ajiya. Ban da cewa lasisi yana da iyakar abin da ya yarda ka riƙe, yanayin Kano ba ya raga wa harsashi. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ɗakin kwano ko cikin mota ya zama tanda. A watan Agusta kuma laima ta shiga ko'ina, har ƙarƙashin gado. Ka samu akwatin ƙarfe mai kulle, ka ɗora shi a kan katako nesa da bango da murhu, daban da inda bindiga take, inda hannun yara ba ya kaiwa. Ka rubuta watan saye a kan kowane kwali, ka fara amfani da tsoho.

In kuwa ka danna kunama aka ji shiru, kada ka yi saurin karya bindiga ka leƙa. Ka bar bakinta yana kallon inda babu kowa kamar minti ɗaya, domin wanda ya sha laima yakan yi jinkirin tashi. In kuma ƙarar ta fito a raunane, ka tsaya ka duba cikin bakin kafin ka sake ɗurawa, wataƙila wani abu ya tsaya a ciki.

A ganina, inda kuɗi ya fi zurarewa shi ne a daji, wurin harbin. Bindigar harbin tsuntsu ba ta da tabbas bayan mita 35 zuwa 40. Wanda ya hango zabo can nesa ya saki, harsashi ya tafi, tsuntsu ya tafi da rauni ya mutu a inda ba mai ci. Girman 'ya'yan darma ma yana da magana: BB da AA na manya ne, irin su ɗinya, amma ga fakara ko hasbiya darma mai lamba 6 ta fi, domin 'ya'yanta sun fi yawa, sun fi rufe wuri. Harbin sama a biki kuwa, wannan bar wa 'yan bindigar fada da bindigoginsu na toka ranar hawa.

Abin da nake ba kowa shawara shi ne ya sadaukar da harsashi biyu kafin kakar farauta. Ka samu faffaɗan kwali, ka tafi bayan gari inda akwai tudu a baya kuma ba mutum ba dabba, ka zana da'ira a tsakiya, ka ja da baya taku 30 ka harba. Je ka duba inda ramukan suka taru. Ni lokacin da na gwada, sai na ga bakin dama na bindigata yana zuba darma ƙasa da inda nake saiti da kusan taƙi guda, ga shi na shafe damina biyu ina ɗora wa harsashi laifi.