Kurakuran da aka fi yi wajen duba ƙwari da cututtuka a gonar damina, da yadda ake gyara su

Yawancin maganin feshin da ake saya da damina, sai ɓarna ta fito fili har mai wucewa a hanya yana hangenta ake zuwa sayensa. A lokacin kuwa tsutsar da ta yi aikin ta ƙoshi ta girma, ta shige inda magani ba ya kai mata, wata ma ta riga ta sauka cikin ƙasa ta kwanta. Ihu bayan hari ke nan. Matsalar ba a kan kwalbar magani take farawa ba, a kan yadda ake duba gonar take farawa.

Leƙe daga bakin gona

Mutum ya tsaya a kan iyaka, ko ma bai sauka daga babur ba, ya ga kore shar, ya ce gona lafiya lau. Kunyoyin bakin gona ba sa nuna gaskiyar abin da ke ciki: wani lokaci sun fi ko'ina shan ɓarna domin nan ƙwaro yake fara sauka, wani lokaci kuma su ne lafiyayyu alhali tsakiya ta lalace.

A shiga ciki, a bar kamar taku biyar daga iyaka. A ratsa gonar a karkace, daga wannan gefe zuwa wancan a sake dawowa, kamar zanen harafin W, a tsaya wuri biyar. Kowane wuri a duba tushe goma a jere, ba tare da zaɓen wanda ya fi muni ko wanda ya fi kyau ba. Tushe hamsin ke nan. Ido yana da son rai, inda ganye ya yayyage nan yake kai mutum, shi ya sa ake ƙidaya a jere. A yi haka sau ɗaya a mako tun daga fitowar shuka, sau biyu idan an fara ganin alama, kuma da sassafe ko da yamma, domin da rana ta take yawancin tsutsotsi sun ɓuya.

Ƙidayar tsohon rauni

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗin masu masara tun da tsutsar nan mai cin masara, 'yar asalin nahiyar Amurka, ta ɓulla a Najeriya a farkon 2016. Manomi ya ga ganye duk huji, ya ɗauko famfo. Amma ganyen da ka gani a buɗe yau, tun yana naɗe a cikin mazurarin masara aka ci shi, kwana goma ko fiye da suka wuce. Rauni ba ya warkewa a jikin ganye, ko tsutsar ta mutu yana nan.

Abin da ake nema shi ne sabuwar shaida. A buɗe mazurarin da yatsa a leƙa. Kashin tsutsa ɗanye, mai laima, yana nufin tana ciki. Wanda ya bushe ya zama kamar garin katako yana iya zama na wadda ta tafi. A juya ganye a duba bayansa: ƙwan yana zuwa a dunƙule, ɗari zuwa ɗari biyu wuri ɗaya, an lulluɓe shi da wani gashi-gashi mai launin toka, kuma cikin kwana biyu zuwa uku yake ƙyanƙyashewa idan ana zafi. Ƙananan tsutsotsin ba sa huda ganye, kankare shi suke yi su bar fata shara-shara da ake hango haske ta cikinta. Wannan kankara ita ce alamar da ta fi kowace daraja, domin a wannan matakin ne magani yake kama su. Da tsutsa ta yi mako guda ta nutsa cikin mazurari, ta toshe bakin da kashinta, feshin sama-sama ba ya taɓa ta.

A kuma tabbatar ita ce. Tana da zane a goshi kamar harafin Y da aka kifa, da ɗigo huɗu baƙaƙe a tsare kamar kusurwoyin ɗaki huɗu kusa da wutsiya. Tsutsar kara, wadda muka sani tun kaka da kakanni, hujinta ƙanana ne a jere a gicciyen ganye, daga baya ta shiga cikin karan, tsakiyar shuka ta bushe.

Sai lissafi. Idan cikin tushe hamsin an samu goma sha biyu da sabuwar ɓarna, kashi 24 cikin ɗari ke nan. Ma'aunin da malaman gona suka fi aiki da shi ga ƙaramin manomi: masara tana ƙarama, ba ta wuce gwiwa ba, a ɗauki mataki idan an kai kamar kashi 20, ta girma tana dab da fitar da kai, sai an kai wajen kashi 40. Ƙasa da haka, murƙushe ƙwai da tsince tsutsa da hannu ya wadatar a ƙaramar gona, kuma masarar da ta samu taki da ruwa tana murmurewa daga ɓarnar ganye fiye da yadda ake zato. Ruwan sama mai ƙarfi ma yana wanke ƙananan tsutsotsi da yawa, don haka idan an sha ruwa da dare, a sake ƙidaya kafin a haɗa magani.

Kowane rawaya an ce cuta ce

Masarar da ganyenta na ƙasa ya fara rawaya daga tsini yana bin jijiyar tsakiya, yunwar taki take ji, yuriya take nema. Wadda sabon ganyenta na sama yake fitowa da zane-zane farare a tsaye, wannan cutar bairos ce da wasu ƙananan ƙwari masu tsalle suke yaɗawa, kuma babu feshin da ke warkar da tushen da ya kamu. Tumatir ko tattasai da ganyensa ya nannaɗe, kafin a ce cuta ce a girgiza tushen a ga ko farin ƙuda zai tashi, sannan a tambayi kai: famfon da aka yi feshin ƙarshe da shi, an taɓa zuba maganin ciyawa a ciki? Ɗan ragowar 2,4-D a tanki ya isa ya murɗe ganyen tumatir gona guda.

Tumatirin da ya yi yaushi farat ɗaya yana kore, ƙasa kuma da laima, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A yanke karan daga ƙasa-ƙasa, a rataya yankakken bakin cikin kofin gilashi mai ruwa garai, kada a motsa. Idan cikin 'yan mintoci an ga wani abu fari kamar zaren madara yana zubowa, cutar bakteriya ce ta cikin ƙasa. Maganin naman gwari irin su mancozeb ba ya yi mata komai. A tuge tushen da ƙasar jikinsa a fitar daga gona, kada a bari ruwan wannan kunya ya gangara zuwa sauran, baɗi kuma a sa hatsi a wurin. Mancozeb na ɗigon ganye ne, irin tabon nan mai ruwan ƙasa da zobba-zobba a ciki wanda ke farawa daga ganyen ƙasa idan damina ta yi nisa, kuma tsare lafiyayyen ganye yake yi, ba ya tayar da wanda ya mutu.

Ana duba ganye, ɓarawo yana cikin fure

A gonar wake, ganye yana iya yin kyau kamar a sa a hoto, a tashi babu ƙwaya. Manyan abokan gaban wake a fure suke: wasu baƙaƙen ƙwari sirara, ba su kai ƙwayar gero ba, da ke sa fure ya zube, da tsutsar da ke shiga fure ta wuce cikin kwanso. Daga ranar da wake ya fara toho na fure, a riƙa tsinko fure ashirin daga sassa daban-daban da safe, a yaga kowanne a kan farar takarda a ƙirga abin da ya fito. Furen da aka ga ya manne da ganye ko da wani fure da zare kamar saƙar gizo, tsutsa na ciki. Masu shuka SAMPEA 20-T, irin da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar a 2019, su sani cewa tsutsar kwanso kaɗai yake karewa. Darɓa da ƙwarin fure da masu tsotson kwanso suna nan, dubawa ba ta faɗi ba.

Gero ma haka. Uwar murzuna, tsutsar da ke cin kan gero, tana zuba ƙwai ne lokacin da kai yake fitowa. Wanda ya jira sai ya ga zanen nan da ke zagaye zangarniya kamar an murza igiya, ya makara. A yankin Maradi masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, sun daɗe suna sakin wani ɗan ƙaramin zanzaro da ke kashe tsutsar, a cikin jakunkunan algarara da ake ratayewa a ƙauyuka, kuma shi ma nasararsa tana rataye da sakinsa a kan lokaci.

Gyaɗa kuwa tun tana 'yar ƙarama ake duba ƙarƙashin sabon ganye saboda darɓa. Tsotsonta ba shi ne abin tsoro ba, cutar kuturtar gyaɗa da take ɗaukowa ce, wadda ta durƙusar da noman gyaɗa a arewacin Najeriya a 1975. Tushen da ya tsuke ya ƙi girma a tuge shi da wuri. Gonar da aka shuka da wuri kuma aka cika ta ba giɓi, darɓa ba ta cika sauka a kanta ba.

Tarkon da aka kafa aka manta

Masu tumatir da suka sha wuyar sharon, tsutsar da ke cin ganye da 'ya'yan tumatir, a Kaduna da Kano a 2016 da yawa sun san tarkon ƙamshi, mai jawo namijin faɗa-wutar da ke haifar da tsutsar. Kuskuren shi ne a kafa a tafi. Ɗan robar da ke ɗauke da ƙamshin yana sanyi cikin mako huɗu zuwa shida, da sauri ma idan rana ta yi zafi, daga nan tarko ya zama fanko, manomi ya ɗauka ƙwaro ya ƙare. A rubuta ranar da aka sa shi a jikin tarkon, a ƙirga abin da ya kama duk mako a zubar. Idan na ruwa ne, a ɗiga ɗan sabulu ko mai a ciki, a kuma duba bayan kowane ruwan sama kada ya cika ya zubar da abin da ya kama. Kowane ƙwaro da ƙamshinsa: na sharon ba ya kama na masara. Tarko biyu zuwa huɗu a hekta sun isa sa ido, amma labarin zuwan ƙwaro kawai suke bayarwa, ganyen ne zai faɗi ko a yi feshi. Ramin sharon a ganye faffaɗa ne, fari, da baƙin kashi a tare a gefe guda. Siririn zane mai lanƙwasa kamar sawun maciji na wani ƙuda ne daban, ɓarnarsa ba ta kai ta sharon ba.

Bayan feshi

Da yawa suna rataye famfo su ɗauka magana ta ƙare. A koma bayan kwana biyu zuwa uku a sake ƙidaya ta hanyar da aka bi da farko. Idan tsutsa tana nan da ranta, kafin a ce magani jabu ne a duba: an saita bakin famfo cikin mazurari, ko sama aka bi? An yi ruwa jim kaɗan bayan feshi? An auna yadda aka rubuta a jikin kwalba, ko da murfi aka kimanta? Idan za a sauya, a karanta sunan sinadarin da ke rubuce da ƙananan haruffa, domin kwalabe uku masu suna daban suna iya zama lambda-cyhalothrin duka. Maimaita shi kuma yana kashe gizo-gizo da zanzaro da tururuwa da ƙwaron nan mai almakashi a gindi da ke cin ƙwan tsutsa, sai jan gizo ya ɓarke a bayan ganyen tumatir da zarar ruwa ya ɗauke na mako biyu.

Littafin makaranta mai shafi arba'in ya isa damina guda: rana, gona, matakin shuka, tushe nawa cikin hamsin, maganin da aka zuba da yawansa. Ga kayan lambu a ƙara ranar da ya halatta a tsinka bayan feshi, tana rubuce a jikin kwalba, kuma a kuɓewa da ake tsinka duk bayan kwana biyu, wannan ranar ce ke yanke hukuncin irin maganin da za a iya amfani da shi tun farko.