Yadda Ake Kiwon Kunkurun Ruwa a Gidajen Zangon Accra

Yawancin kunkurun ruwa da ake kawowa gida a Nima ko Madina ƙazantar ruwa ce ke kashe su, sai kuma rashin rana. Yaro ya samo ɗan ƙarami, a jefa shi cikin kwanon roba a kusurwar ɗaki, ana watsa masa burodi, kafin a ankara ƙoƙon bayansa ya yi laushi. Dabba ce kuwa da ke iya wuce shekara 20 idan ta samu kulawa.

Da farko ka san wanda ke hannunka. Na ƙasarmu, waɗanda ake samu a fadamu da tafkuna, idan sun tsorata gefe suke lanƙwasa wuya su ɓoye kai, kuma masu son nama ne. Mai jan zane a bayan ido ɗan Amurka ne, yana girma har kusan santimita 30, kuma da ya manyanta yana ƙara son ganye. Kunkurun teku irin masu hawa gaɓar tekun garin Ada su yi ƙwai, doka ta hana kama su, kada ma ka karɓa ko kyauta ne.

Sai mazauni. Ka auna tsawon bayansa, kowace santimita ɗaya ka ba ta ruwa wajen lita 15. Mai santimita 10 ke nan yana buƙatar lita 150. Akwatin gilashi na da kyan gani amma tsada gare shi, ga saurin fashewa a gidan haya mai yara. Ni na fi son babban baho na roba ko tsohon tankin ruwa da aka yanke biyu, muddin ba a taɓa zuba mai ko sinadari a ciki ba. Zurfin ruwa ya fi faɗin bayansa, don idan ya kife ya iya juyowa. Kada ka zuba ƙananan tsakuwa a ƙasa, haɗiye su yake yi. Ka jingina katako ko faffaɗan dutse da zai hau ya bushe sarai.

Wannan wurin shan hantsi shi ne rabin aikin. Hasken rana ne ke sa jikinsa ya iya amfani da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da ƙoƙo, kuma gilashin taga yana tare wannan hasken, don haka ajiye shi kusa da taga bai wadatar ba. Turawa kwan fitila na musamman suke saye saboda wannan, mu kuwa kyauta muke samu. Ka ajiye bahon a tsakar gida inda hantsi ke faɗawa, amma rabinsa ya kasance a inuwa, domin ranar Fabrairu da Maris na iya zafafa ruwa kaɗan har ta halaka shi. Ka rufe sama da ragar waya saboda ɓera da hankaka da kyanwa. Ka huda ƙaramin rami ƙasa da bakin bahon, in ba haka ba ruwan saman watan Yuni zai cika shi, kunkuru ya haye ya faɗa kwata.

Ruwan famfo akwai sinadarin kulorin a ciki. Ka tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana kafin ka zuba. Da yake famfo ba kullum yake zuwa ba a unguwanni da yawa, ka ware galan Kufuor, wato manyan jarkokin roba na ɗiban ruwa, guda biyu na kunkuru kaɗai. Duk mako ka kwashe kashi ɗaya cikin huɗu ka maye da sabo. Injin tace ruwa na taimakawa, yana kuma hana sauro samun ruwa mai kwanciya, sai dai ranar da dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ya daɗe hancinka ne alƙali: da ka ji wari, canja. Ba a wanke bahon da sabulu.

Abinci kuwa, tana da gyare da katantanwa da ƙananan kifi ɗanye sun isa, a haɗa da ganyen latas. Koobi da momoni, kifayen da ake adanawa da gishiri, gishirin ya yi musu yawa, burodi da tuwo kuma ɓata ruwa kawai suke yi. Gwargwadon girman kansa za ka ba shi, ƙarami kullum, babba bayan kwana biyu ko uku. A cikin ruwa yake iya haɗiya, saboda haka ka ciyar da shi a wani ƙaramin kwano daban, babban bahon ya fi daɗewa da tsabta.

Kunkuru na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai kama mutane ko da lafiyarsa lau. Saboda ita Amurka ta hana sayar da ƙanana tun 1975, don yara na sa su a baki. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, ruwan da aka kwashe kuma a zubar nesa da madafa da wurin alwala.

Idan ido ya kumbura, ko ƙoƙo ya yi laushi, ko kumfa na fita ta hanci yana iyo a karkace, ka kai shi wurin likitan dabbobi. In kuma ka gaji da mai jan zanen nan, ka nemi wanda zai karɓa, kada ka sake shi a kogin Densu ko tafkin Weija, domin yana cinye abincin kunkurun ƙasarmu ya kore su.